Kwalejin Katsina da Renon Shugabannin Makarantu

Kowane manomi ya sani in kaka ta yi ba dukan hatsin da ya girbe ne na ci ba. Sai ya zaɓi zangarniyoyi mafiya kyau, ya ɗaure, ya ajiye can ƙuryar rumbu, kome yunwar da aka yi da bazara ba ya taɓa su, gama su ne irin baɗi. Haka sha'anin ilmi yake. Makaranta tana fitar da mutane iri iri, da akawu da malamin asibiti da alƙali da ɗan kasuwa, amma tilas ne kowace shekara a keɓe waɗansu daga cikin mafiya ƙwazo su komo su koyar, daga cikinsu kuma a reni waɗanda za su riƙe makarantu. Labarin Kwalejin Katsina shi ne labarin yadda aka tara irin nan a Arewacin Nijeriya, da yadda ya yi kyau, da yadda bukata ta sa aka yi ta ɗibarsa ana kai shi wajen wani aiki dabam.

Renon shugaban makaranta daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo malami yakan lura da almajiransa, in ya ga wanda ya fi kaifin hankali da natsuwa sai ya sa shi ya riƙa biya wa ƙanana karatu, yana rubuta musu allo. Daga nan ya zama gardi, ya riƙa tsare makaranta in malam ya yi tafiya. Sai ya daɗe a haka, malam ya gamsu da karatunsa da halinsa, sa'an nan ya sa masa albarka, ya sallame shi ya tafi ya kafa tasa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta yi wa mata irin wannan tsari. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar muƙaminta. Jajin nan ita ke jagorar matan garinsu zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ashe tun can an gane cewa karatu ba ya yaɗuwa sai da jagora, jagora kuwa renonsa ake yi.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar suna bukatar mutanen ƙasa masu karatun boko. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin Hausarsa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Da malamai ya fara, waɗanda sun riga sun yi karatun Arabiyya, ya koya musu boko da lissafi da labarin ƙasa, don su ne za su koyar da yara. Ba a daɗe ba aka buɗe makarantun lardi a Sakkwato da Katsina da waɗansu manyan garuruwa. To, nan fa wuya ta bayyana. Ɗaki ana iya gina shi cikin rani guda, a jera allo da benci, amma ina malamin da zai kai yaro can gaba da ba-ba-ƙu, har ya iya Turanci da lissafi mai zurfi? Ina kuma wanda za a danƙa wa makaranta sukutum ya riƙe?

Don amsa wannan aka kafa Kwalejin Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, ran 5 ga Maris 1922 kuma Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya zo da kansa ya buɗe ta. An zaɓi Katsina saboda tsohon sunan da ta yi wajen ilmi, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma saboda tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar da ke tafe da ita. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓi abin da hannu biyu. Nufin Gwamna a fili yake: samarin da aka tara su koma lardunansu su zama malamai, masu riƙe da addininsu da ladabin gidajensu, gama yaro ya fi koyi da halin malaminsa bisa ga abin da malamin ya rubuta masa a allo.

Zaɓen ɗalibai da tsanani aka yi shi. Daga kowace makarantar lardi 'yan ƙalilan ake ɗauka, waɗanda malamansu suka daɗe suna lura da su, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kowane ɗalibi yana da lamba bisa ga jerin shigarsa. Ahmadu Raɓa, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Watau cikin shekara takwas ɗin farko kimanin mutum ashirin ke nan a shekara, daga Barno har Sakkwato, daga Katsina har Ilori. Ba 'ya'yan sarauta kaɗai ba ne. Ahmadu Raɓa jinin Shehu ne, amma Abubakar Imam na Kagara ɗan malami ne, mahaifin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa bara ne a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauci. Da yawa daga cikinsu a ƙasa suke zuwa, kwana da kwanaki a hanya, da akwatinsu a ka.

Shekara biyar ake yi. Ana koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Arabiyya da dabarun koyarwa, Turawa na koyarwa, malaman ƙasa irin su Malam Bello Kagara na koyarwa. An fi ƙarfafa furucin Turanci, ana maimaita wa ɗalibi kalma har sai ta zauna a bakinsa, shi ya sa daga baya mutanen Katsina suka yi suna wajen iya magana a majalisa, har aka riƙa kiran Abubakar Tafawa Ɓalewa mai muryar zinariya. Amma rabin horon ba a cikin aji yake ba. An raba ɗalibai gida gida cikin ɗakunan ƙasa, kowane gida da babbansa daga cikin ɗalibai, shi ke lura da tsabta da lokaci da zaman lafiyar 'yan gidansa, in an yi laifi shi ake fara tambaya. A filin wasa ma haka, kowace ƙungiya da kyaftin ɗinta. Ahmadu Raɓa ya yi kyaftin na wasan ƙwallon bango da ake kira fayif, bai kuwa bar wasan nan ba har ya zama Firimiya. Ta haka saurayi ke koyon ba da umurni da karɓarsa tun abin da ke hannunsa bai wuce tsintsiya da ƙwallo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In ɗalibi ya gama, sai ya koma lardinsu, En'e ta ɗauke shi aiki. Daga 1929, da aka haɗa Ma'aikatar Ilmi ta Arewa da ta Kudu a hannun E. R. J. Hussey, sai aka shiga mai da makarantun lardi Midil, a nan ne mafi yawan mutanen Katsina suka fara aiki. Matakala ce ake hawa sannu sannu. Da fari a ba shi aji, Baturen makaranta yana shigowa yana duba darasinsa da littafin shirinsa. In ya yi kyau a ƙara masa da lura da ɗakin kwanan yara, ko sito, ko wasanni. Bayan shekaru ya zama babban malami, sa'an nan ko dai hedimasta, ko mai zagaya makarantun elementare na ƙauyuka bisa doki ko keke, yana gyara wa ƙananan malamai aikinsu. Kashim Ibrahim ya gama a 1929, ya koyar a Barno, cikin 'yan shekaru aka sa shi zagaya makarantu. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bida, ya kai ga hedimastan Midil ta Bida. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya yi shekara goma sha biyu yana koyarwa a Midil ta Bauci, ya kai ga hedimasta. In an haɗa da shekara biyar na Kwaleji, za a ga hedimasta guda yakan ci shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya nuna.

Duk da kyaun tsarin nan, yana da gibi, gibin kuwa ba ƙarami ba ne. Na farko ƙarancin mutane: ashirin a shekara ba su isa ƙasa mai faɗin Arewa ba. Na biyu, ba mace ko ɗaya a ciki. Sai a 1939 aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato, shekara goma sha takwas ke nan bayan ta maza. Na uku, da fari Kwalejin ta 'ya'yan ƙasashen sarakunan Musulmi ce, sauran kuwa sai makarantun mishan da makarantar horon malamai ta Toro. Na huɗu, wanda ya fi ci wa malamai rai, matakalar gajera ce. Kome ƙwazon mutum, in ya kai hedimastan Midil ya kai maƙura, gama shugabancin ilmi na lardi da na Jiha duk a hannun Turawa yake. Ga albashi kaɗan, ga hakimi da alƙali sun fi malami girma a idon jama'a nesa ba kusa ba.

Saboda haka tun da wuri aka fara ɗibar iri. Ahmadu Raɓa ya gama a 1931, shekara uku kacal ya yi yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Raɓa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, sai Hukumar Talifi ta Zariya ta ga gwaninta ta janye shi, a 1939 ya zama edita na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Isa Kaita shi ma malamin Midil ta Katsina ne, da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka kai shi Ankara ta ƙasar Gana yana karanta labarai da Hausa a rediyo. Ita kanta Kwalejin ta sake hanya. Tun wajen 1930 aka fara shirya waɗansu ɗalibanta don aikin asibiti da gona da injiniya, a 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 zuwa Zariya, ta zama sakandare, horon malamai ya koma waɗansu makarantu.

Sai a ƙarshen yaƙi aka ƙara wa matakalar tsawo. A 1945 aka tura Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu 'yan uwansa malamai zuwa sashen horon malamai na Jami'ar Landan, a 1946 aka tura wani rukuni, cikinsu har da Malam Aminu Kano. Nufi shi ne su dawo su fara karɓar aikin da Turawa kaɗai ke yi. Haka kuwa aka fara: Abubakar ya dawo aka sa shi duba makarantun ƙasar Bauci, Aminu kuma aka ba shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A 1948, da ƙoƙarin Malam Aminu da abokansa, aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, don neman gyaran albashi da darajar aikin.

Amma gyaran ya zo daidai lokacin da siyasa ta buɗe baki. An kafa Majalisar Wakilai a Kaduna, ana neman waɗanda za su iya tsayawa su yi muhawara da Turanci da mutanen Ikko da Inugu, da aka duba kuwa ba a ga kowa ba sai malaman makaranta. A 1947 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga majalisa, a 1952 ya zama minista a Ikko, a 1957 ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin Maru a 1950 ya rungumi siyasa. Makaman Bida ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa a 1952. Shettima Kashim ya riƙe ma'aikatar ilmi a Ikko, a 1962 ya zama Gwamnan Arewa. Sardauna ya zama Firimiya a 1954. Shehu Shagari, wanda ya gama Kwalejin a Kaduna a 1944, ya zama hedimasta a Argungu a 1951, shekara uku bayan haka ya tafi majalisa a Ikko, a 1979 ya zama Shugaban Ƙasa. Shirin mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa shi ma ya kwashi nasa rabo, gama duk ofishin da Bature ya bari, a makaranta ake zuwa neman mai cika shi. Har Yaƙi da Jahilci, wanda ya koya wa manya dubbai karatu da rubutu a shekarun 1950, tsofaffin malaman makaranta irin su Malam Ahmadu Kumasi ne suka ja ragamarsa.

Ba wanda zai ce ƙasa ta yi hasara da mutanen nan. Da ba su, da Arewa ta shiga mulkin kai a 1959 ba ta da masu riƙe ta. Sun kuwa tafi da halin makaranta cikin mulki, watau kiyaye lokaci da tsara aiki da sanin darajar takarda. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Arewa daga 1957 har 1966, ya san abin da alli yake, ba labari aka ba shi ba. Sardauna ya tsaya tsayin daka har aka buɗe jami'a a Zariya a 1962. Amma kowane ɗaya daga cikinsu da ya tashi, ya bar kujera a wata makaranta, da ƙananan malamai waɗanda da shi za su yi koyi. Shi ya sa har bayan samun mulkin kai a 1960 sakandare da makarantun horon malamai da yawa a Arewa Turawa ke shugabancinsu, ana kuma ɗauko malamai daga Ingila da Amurka da Indiya da Pakistan.

Hukuma ta ga haka, ta yi ƙoƙarin cika rumbu. A 1960 kwamitin Sir Eric Ashby ya ba da rahoto cewa ƙarancin ƙwararrun malamai shi ne babban abin da zai tauye Nijeriya. A 1962 aka buɗe babbar makarantar horon malamai a Zariya, a shekarar nan kuma aka yi dokar ilmi wadda ta kafa hukumomin ilmi na ƙananan yankuna. A 1965 Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa sashe na musamman don lura da makarantun horon malamai. Amma kafin shukar nan ta yi ƙwari sai al'amura suka juya. A watan Janairu 1966 aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a 1967 aka raba Arewa jiha shida. Ma'aikatar ilmi ɗaya ta zama shida, kowace tana neman babban sakatare da sufetoci, aka sake komawa makarantu aka ɗebo hedimastoci.

Babbar jarrabawa ta zo a 1976. A watan Satumba na shekarar nan gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda Janar Gowon ya yi shelarsa tun 1974. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Niyya kyakkyawa ce, 'ya'yan talakawa da yawa kuma ta nan suka sami karatu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. An yi ta horon malamai da gaggawa, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba a taɓa yi ba, saurayin da bai daɗe da barin benci ba aka ce shi ne hedimasta, ba dattijon malami kusa da shi, mai duba makarantu kuwa sai a daɗe bai leƙo ba. Abin da a da ake yi cikin shekara goma sha biyar aka nemi a yi shi cikin biyu ko uku. A shekarar nan aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ƙara wa malaman da ke bakin aiki ilmi ta hanyar aika musu darussa, a 1992 kuma aka kafa wata a Ondo don horon masu tsara ilmi da gudanar da shi. Duka biyu shaida ne cewa an gane inda ciwon yake.

Abin da tarihin nan ke koyarwa a sarari yake. Shugaban makaranta tun yana ƙaramin malami ake gano shi, mai gano shi kuwa shi ne wanda ya zauna a bayan ajinsa ya ga yadda yake da yara. Ana fara gwada shi da ƙaramar amana kafin babba, yana ƙarƙashin wanda ya riga shi, yana ganin yadda ake raba aiki, da yadda ake tsare kuɗin makaranta, da yadda ake yi wa malami faɗa ba a gaban ɗalibansa ba. Wajibi ne kuma a yi wa aikin matakala mai tsawo da albashi mai mutunci, yadda gwanin hedimasta zai sami girma yana cikin makaranta, ba sai ya bar ta ba. Ƙasa ba za ta daina ɗibar mutane daga makaranta ba, kuma daidai ne ta ɗiba. Abin da ya wajaba shi ne duk hedimastan da zai tashi a tambaye shi wa ya rena a bayansa, a kuma faɗaɗa zaɓe ya game mata da maza, birni da ƙauye, kada a sake dogara ga mutum ashirin a shekara.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Uban da ya san hedimastan garinsu, yana zuwa taron iyaye da malamai, yana tambayar yadda aka naɗa shi da shekarun da ya yi a aji, ya taimaki hukuma ta zaɓi na kirki. In kuwa ɗansa mafi ƙwazo ya ce malanta yake so, kada ya karya masa gwiwa ya ce ya nemi aikin da ya fi maiƙo.

Tsohon ginin Kwalejin yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi, mai ziyara yana iya shiga ya ga ɗakunan ƙasa inda mutanen nan suka zauna bisa benci. Makarantar kuma tana nan a Zariya, tun 1971 ake kiranta Kwalejin Barewa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma sai in ɗan ya tashi kusa da uwar, ya ga yadda take gudu.